Inda maƙalarmu ta kwana

Litinin, 14 ga Oktoba 2024

To bismillah. Zan riƙa rubuta inda aiki ya kwana saboda na san halina, in ban rubuta ba bayan wata biyu sai in manta mi munka ce za mu yi. Aikin dai maƙala ce guda ɗaya tak da ni da Malama muke son aika wa mujallar masu tsara harkar jami'o'i. Ita tana koyarwa, tana kuma tara dosiye na CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a don ƙarin girma a ƙasashen Afirka masu Faransanci, kuma kowa ya san can ba a hawa matsayi da yawan awoyin da ka sha alli a aji, da rubutun da ka fitar ake hawa. Ni kuma na daɗe a biro ɗin sikolarite, inda ake rajistar ɗalibai da aje takardunsu, ina ƙirgar su. Ita ke da alƙalami, ni ke da kwalaye, shi ke nan yarjejeniyar.

Abin da munka tsaida yau: za mu rubuta kan yadda ake hasashen yawan ɗalibai a makarantun gaba da bak na jihohi, bak ɗin nan ita ce jarabawar gama sakandare. Dalili a fili yake. Tun 1971 da anka kafa tushen jami'ar Yamai, kusan shekara 40 duk ɗan Maraɗi da ya ci bak in yana son jami'ar gwamnati sai ya ɗauki jakarshi ya yi tahiyar sama da kilomita 600. Sai 2010 anka yi na Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 anka ƙara Agadas, Difa, Doso da Tilabéri. Kuma ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi mutum wajen miliyan 3.4, ƙasa gaba ɗaya tana ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari duk shekara. Yaran da anka haifa wancan lokaci yanzu suna kolej, gobe suna bakin ƙofarmu. Wa ya shirya musu kujera? Tambayar ke nan.

Malama ta ce wata uku ya ishe mu. Na ce Allah ya sa.

Laraba, 23 ga Oktoba

Kwana tara muna jayayya kan inda za mu aika, ko layi ɗaya ba mu rubuta ba. Ashe mujallun nan iri biyu ne, ni da duk ɗaya na ɗauke su. Akwai na masu bincike zalla, irin wadda CODESRIA, ƙungiyar masu binciken zamantakewa ta Afirka, ke fitarwa daga Dakar kan ilimi mai zurfi a Afirka, da Faransanci da Ingilishi. Akwai kuma na masu sana'ar kansu, irin Planning for Higher Education ta ƙungiyar SCUP a Amurka, inda waɗanda ke tsara gine-gine da kasafi da jadawalin jami'a ke rubuta wa junansu ga abin da munka gwada, ga inda ya yi, ga inda ya ƙi. Ni irin ta biyun ta fi kwanta mini don ita ce yarena. Malama ta ce "Malam, kai ba ka da kwamitin da zai duba ka a watan Yuli, ni ina da shi." Ita buƙatarta mujallar da masana ke tantance rubutu kafin a buga, kuma sunanta yana cikin manyan rajistocin da ake yarda da su, in ba haka ba wahalar banza ta sha.

Mun kwana biyu cikin AJOL da DOAJ, shafukan intanet masu jera mujallun bincike, muna tacewa, daga ƙarshe munka samu wata da ta haɗa biyun, tana da sashe na musamman don ma'aikata masu ba da labarin aikinsu amma shi ma sai ya bi ta hannun masu dubawa biyu. Ba zan faɗi sunanta ba tunda ban san yadda za mu rabu ba.

Wani abin dariya, tunda na fara bincike saƙonni ke ta faɗo mini cikin imel, wai "babban farfesa, muna jiran rubutunka mai daraja, za a buga cikin kwana bakwai", ni da ko masta ban kare ba. Kuɗi kawai suke so. Wani abokin aiki ya taɓa faɗawa tarkonsu, ya biya, anka buga, ya sa cikin dosiye, aka ce da shi wannan ba ta ƙirguwa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau na shiga ɗakin ajiya. Mai riƙe da makulli dattijo ne, Baba muke ce mishi, ya kusa ritaya, kuma in ka cire shi babu wanda ya san mi ke cikin wane kwali. Ruwan nan na ƙarshen Agusta da ya yi wa Maraɗi ɓarna, wanda har ya sa anka ɗage komawa lakkol zuwa 28 ga Oktoba, bai bar ɗakin ba, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa layin ƙasa. Baba ya riga ya shanya takardun a rana tun tuni, yanzu sun bushe sun yi ƙwari suna ƙara kamar ganyen masara, tawadar tambari ta malale ta zama shuɗi-shuɗi, wasu shafukan sun manne sai da ya kawo reza muna ɓanɓarewa sannu sannu. Na ce "Baba ai wannan ya tahi." Ya ce "Ɗana, takarda ba ta mutuwa sai in an ƙone ta, kai dai riƙe can gefen."

Abin da nake nema su ne takardun deliberasiyon, inda malamai ke zama ƙarshen semestir su ce wane ya wuce wane bai wuce ba. Na sababbin shekaru suna cikin ordinater, tsofaffin ne sai takarda. Matsalar da ban zata ba ita ce sunaye. Yaro ɗaya a shekarar farko Mahamadou, a ta biyu Mahamane, a ta uku wani sakatare ya gajarce shi Maman, kuma sunan uban ma ya canza rubutu. Ka ce to bari in bi ranar haihuwa, sai ka tarar da tulin mutane duk 1 ga Janairu saboda takardar haihuwarsu ta alƙali ce da anka yi daga baya. Lambar matirkil ce kaɗai mafita, ita ma a wasu shafukan ruwa ya cinye ta.

Na fito da azahar hanci cike da ƙura, na ɗauki hoton shafi sama da ɗari a waya. Na saya wa Baba goro.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Lissafi ya ƙi.

Bari in bayyana don wanda bai san aikin ba. Hanyar da ake koya wa masu tsara ilimi, irin wadda cibiyar IIPE ta UNESCO ke koyarwa tun da daɗewa, mai sauƙi ce: ka ɗauki ɗaliban aji guda a shekara guda, shekara mai zuwa kowane ɗayansu ta ƙofa uku kawai zai iya bi, ko ya wuce gaba, ko ya maimaita, ko ya bari. In ka haɗa ukun dole su ba ka ɗari bisa ɗari. Da ka samu waɗannan kaso na 'yan shekaru sai ka tura su gaba, ka ce in dubu sunka shiga bana ga nawa za su kai shekara ta uku, ga nawa za su fita da lisans, ga kujeru da malaman da ake buƙata. A firamare hanyar tana aiki lafiya lau.

Ni kuwa nawa in na haɗa wani lokaci ya zarce ɗari, wani lokaci ya kasa. Na zargi Excel, na zargi idona, na sake shigar da shafi arba'in da hannu. Wani ɓangare na gano shi: tsarin LMD, wato lisans, masta, doktora, da ƙasashen UEMOA, na Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, sunka amince da shi a 2007 ya buɗe ƙofa ta huɗu. Lisans kiredi 180 ne, semestir shida, kowane 30, kuma ɗalibi na iya hawa aji na gaba da bashin wasu darussa a wuyanshi, to sai ka gan shi cikin jerin aji biyu lokaci ɗaya. Wannan na gyara, na ba masu bashi layinsu daban. Amma har yanzu akwai ragowar da ban san inda take fitowa ba.

Alhamis, 19 ga Disamba

Jiya hutun ranar Jamhuriya ne, ina zaune gida ina shan shayi sai abin ya faɗo mini, kuma wallahi kunya ta kama ni don abu ne da nake gani kullum da idona.

Shekarar da ke rubuce bisa takarda ba ita ce shekarar kalanda ba. In takarda ta ce shekarar karatu kaza zuwa kaza, ni ina ɗauka wata 12 ce, ta fara Oktoba ta ƙare Yuli a tahi bakans. Alhali a zahiri wani sashe yakan ja ta wata 14 ko 15, saboda yajin aiki, saboda jiran malamin da zai zo daga wani gari, saboda babu ɗakin da za a yi jarabawa, kowa ya san dalilan, kuma ba mu kaɗai ba ne, kusan duk jami'o'in yankin nan masu Faransanci sun san wannan ciwo na shekaru masu hawa kan juna. Shi kuwa bak ba ya jiran kowa, duk shekara sai ya fitar da sababbi. Ka yi lissafin da kanka: in shekarar karatu na cin wata 15, shekara huɗu na karatu wata 60 ne, wato shekara biyar na kalanda, ke nan rukuni biyar na masu bak sun zo ƙofar da ta buɗe sau huɗu. Ɗayan ina ya shiga? Ko dai an cusa rukuni biyu aji ɗaya, ko suna gida suna jira. Ba su wuce ba, ba su maimaita ba, ba su bari ba. Jira suke. Ƙofa ta biyar ke nan, kuma babu ita cikin littafi.

Na kira Malama da zumuɗi. Ta saurara har na gama sannan ta ce "Malam, wannan tonon silili ne. Mu rubuta wa Turawa cewa shekararmu ba ta ƙarewa?" Ta ce mu daidaita alƙaluman mu sa layi biyu a ƙasan shafi cewa an yi gyara saboda bambancin kalanda, a bar kaza cikin gashinta. Ban ji daɗi ba amma sunanta ne a gaba, kuma ita za ta zauna taro da shugabanni ba ni ba. Na yarda.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Sati biyu ina yawon ƙirgar ɗakuna cikin wanga sanyi, da rawani da kaye a hannu, har wani etidiyan ya tambaye ni ko bincike anka turo ni. Malama ce ta ce tunda muna maganar kujeru to mu auna yadda ake amfani da waɗanda ke akwai.

Awon kashi biyu ne da ake ninkawa. Na farko awa nawa ɗaki ke aiki cikin awoyin da yake buɗe, na biyu kujera nawa ke da mutum in yana aiki. Misali a ce amfi, wato babban ɗakin lacca, na buɗe awa 50 a sati ana shiga awa 40, kashi 80 ke nan, in yana da kujera 300 amma mutum 150 ke zama, kashi 50, ka ninka su sai ka ga ashe kashi 40 kawai na ƙarfin ɗakin ake ci duk da kullum in ka wuce za ka ji muryar malami a ciki. Wannan misali ne kawai. Abin da na gani da ido shi ne babu tsakiya: ƙananan ɗakuna na 'yan shekara ta uku da masta rabinsu iska, babban amfi kuma 'yan shekarar farko har bisa taga da bakin ƙofa, wasu sun shimfiɗa kwali a ƙasa, wata yarinya ta ɗora kaye bisa bayan ƙawarta tana rubutu. Jadawalin da ke manne jikin allo kuma ado ne. In malamin misiyon, wanda ake arowa daga wata jami'a, ya sauka daga Yamai kwana shida gare shi, dole ya juye darasin semestir gaba ɗaya daga safe har la'asar, to duk wanda ke da ɗakin a takarda sai ya kauce. Ranar Juma'a kuma daga ƙarfe ɗaya an tashi.

Wannan sashe ya yi mini daɗin rubutawa, shafi uku cikin dare ɗaya.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Da Faransanci munka rubuta, mujallar kuma Ingilishi take so. Mun fara juyawa da na'ura sannan na tura wa wani abokina malami a Katsina, munka kwana uku muna musayar saƙon murya a WhatsApp. Shi ma sai da ya tsaya, don tsarinsu daban ne, abin da muke ce wa lisans shekara uku su digirinsu na farko huɗu ne, kuma "bak" sai da na yi mishi bayani cewa jarabawa ɗaya ce da ke rufe sakandare ta kuma buɗe jami'a, ba kamar su da ke da ta gama makaranta daban da JAMB daban ba. Kilomita nawa ne tsakanin Maraɗi da Katsina, ko ɗari ba su cika ba, Hausa ɗaya muke yi, amma da an shiga maganar boko sai mun nemi tafinta.

Ya kuma ce jimlolinmu sun cika tsawo, wai sai ya kai ƙarshe ya manta farko. An datse. Mun zarce iyakar kalmomi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, tarihin da na sha wahalar rubutawa tun daga 1971 ya koma sakin layi ɗaya. Ya yi mini zafi.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

An aika, alhamdu lillahi.

Amma sai da na ga ta kaina. Sai kowane marubuci ya buɗe lambar ORCID, lambar shaidar masu bincike a intanet, sai a cire sunanmu daga ko'ina don masu dubawa kada su san mu mu ma kada mu san su, har cikin bayanan fayil ɗin inda Word ke ɓoye sunan mai ordinater, wannan ɗiyata ce ta nuna mini. Sunan wurin aikinmu ya koma "Cibiya A". Sai takardar izini daga maigida, wato shugaban wurin aikinmu, cewa an yarda a yi amfani da alƙaluman, na kai mishi tun Talata, ya karanta rezime kaɗai ya ce "babu sunan yaran mutane ko?" na ce babu ranka ya daɗe, ya sa hannu. Jerin littattafai sai an bi ƙa'idar jerawa da ake kira APA, manhajar Zotero ta taimaka amma rahotannin ma'aikatu da ba su da sunan marubuci sai da hannu.

Sau biyu kuran na ɗaukewa ina tsakiyar ɗorawa, na uku na haɗa da wayata na tsaya bakin ƙofar gida inda rezo ya fi ƙarfi, forfe na jikka guda ya tahi. Saƙon amsa ya shigo ana kiran magariba.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi, zafi ya fara. Shiru. Shafin mujallar na cewa yana hannun edita. Na daina dubawa kullum, yanzu sai bayan tarawi.

Talata, 8 ga Afrilu

An yi salla lafiya. Har yanzu shiru, sai dai rubutun ya canza zuwa yana hannun masu dubawa, Malama ta ce wannan ma ci gaba ne don da yawa tun daga teburin edita ake maido su.

Tunda sabon kundin mulkin Nijar da anka ƙaddamar ƙarshen Maris ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, sai na ce bari in gwada rubuta rezime ɗinmu da Hausa in gani, don nishaɗi. "Tsare-tsare" ta zauna, "hasashe" ta zauna. Rukunin ɗaliban da sunka shiga tare na rasa kalma, na ce sa'o'i, na ce tsara, mai ɗakina tana jina daga madafa ta ce "ka ce 'yan zubi ɗaya mana, kamar adashi." Na fi awa ina dariya amma fa ta fi tawa. Shekaru masu hawa kan juna kuma ta ce ai goyo ne bisa ciki, wato rurrutsa, ba a yaye wannan ba ga wani ya taho. Na rubuta na aje.

Talata, 6 ga Mayu

Amsa ta zo. Ba su karɓa ba, ba su kore mu ba, sun ce a yi babban gyara a maido cikin sati shida.

Mai dubawa na farko mutumin kirki ne, shafi ɗaya, ya ce tablo na uku ba ya karantuwa, ya ce mu kawo Martin Trow, wanda a 1973 ya raba tsarin jami'o'i gida uku: in ƙasa da kashi 15 na matasa ke shiga to na 'yan tsiraru ne, daga 15 zuwa 50 na jama'a ne, sama da 50 na kowa da kowa. Za mu sa shi, amma ni abin da ya ba ni mamaki shi ne bisa wanga ma'auni Nijar ko kusa da 15 ba ta kai ba, wato a takarda muna gidan 'yan tsiraru, alhali amfi na tumbatsa kamar kasuwar Juma'a. Cunkoson namu ba daga yawan masu shiga kaɗai yake ba.

Na biyu kuwa shafi huɗu, ya bi mu layi layi, karatun farko sai da na aje waya na fita waje. Ya ce hasashen da munka yi kowa na iya yin shi, hanyar tsohuwa ce, babu sabon abu. Sannan ya zo kan layi biyun nan na ƙasan shafi, ya ce bai gane ba, wane irin bambancin kalanda ne zai sa a taɓa alƙaluma haka, in shekarar karatu ba ta yi daidai da shekarar kalanda ba to duk lissafin ya tashi, kuma in haka abin yake to wannan ita ce maƙalar, mi ya sa munka binne ta cikin ƙaramin rubutu.

Na tura wa Malama ban ce komi ba. Bayan isha'i ta kira, ta yi shiru kaɗan sannan ta ce "To Malam, ka ci. Gobe ka zo da kayen nan naka."

Asabar, 17 ga Mayu

Gyara ya zama sabon gini. Mun juya maƙalar gaba ɗaya, hasashe ya koma baya, jiran ya dawo gaba. Maimakon mu ƙirga da shekara yanzu da wata muke ƙirgawa: kowane rukuni yaushe ya ci bak, yaushe ya zauna aji ranar farko, yaushe anka yi deliberasiyon na kowane semestir. Ranakun nan ba su cikin ordinater ko ɗaya, suna ƙasan takardun nan inda shugaban zama ke sa hannu ya rubuta kwanan wata, wato sai da na koma wurin Baba munka sake sauke kwalayen nan cikin zafin Mayu, ɗaki ba taga, gumi na ɗiga bisa takarda ina sharewa da hannun riga. Hotunan da na ɗauka a Nuwamba duk na yanke gindin shafin don a lokacin sunaye kawai nake nema. Baba ya ce "da ka tambaye ni."

Da munka jera su bisa layi ɗaya, kowane rukuni da kalarshi, abin ya fito ƙarara, kana ganin inda rukuni biyu ke neman amfi ɗaya a wata ɗaya, kuma nan ne daidai inda na ga yara bisa taga a Janairu. Ke nan ƙirgar ɗakuna da ƙirgar ɗalibai da muke ɗauka sashe biyu ne ashe labari ɗaya ne. Kuma jinkirin yana ciyar da kanshi: ɗaki ya cika, jarabawa sai an raba ta kashi kashi, gyaran takardu ya daɗe, deliberasiyon ta makara, rukuni na gaba ya ƙara jira.

Inda muke ta gardama yanzu shi ne shawarwari. Mujallar na son a ce ga abin da mai tsarawa zai yi ranar Litinin da safe. Ni na ce a rubuta uku: a riƙa aje ranar farawa da ranar gamawa ta kowane semestir a wuri guda, a riƙa raba ɗakuna daga biro ɗaya maimakon kowane sashe ya riƙe nashi makulli, a tsara zuwan malaman misiyon tun farkon shekara. Malama ta ce na biyun zai jawo mana faɗa da mutanen da muke gaisawa kullum. Mun bar shi amma an sassauta lafazin.

Alhamis, 12 ga Yuni

Layya ta cinye mana sati guda. Na gama takardar amsa ga masu dubawa, tablo mai gida uku: abin da ya ce, abin da munka yi, shafin da yake. Abu 31 ne, mun bi 28, uku mun ƙi cikin ladabi. Ɗaya daga ciki ya ce mu kwatanta da wasu cibiyoyi biyu ko uku, munka ce ba mu da alƙalumansu kuma ba za mu ƙaga ba, mun rubuta a fili cewa wuri ɗaya munka duba.

Yau wajen dawowa kabu-kabun da ya ɗauko ni daga bakin kasuwa zuwa Ali Ɗan Sofo ashe ɗalibinmu ne, shi ya gane ni. Na ce wace shekara kake, ya ce "Mushe, a takarda ko a gaskiya?" Ya ce tunda babu darasi wanga wata gara ya nemi na esans da na aika wa tsohuwa a ƙauye wajen Mayahi. Ya ƙi karɓar kuɗina, sai da na cusa mishi cikin aljihu. Na so in sa maganarshi a farkon maƙalar, Malama ta ce ba mu nemi izinin yin hira da kowa ba, kuma tana da gaskiya.

An maida da daddare, saura kwana biyar wa'adi ya cika.

Laraba, 2 ga Yuli

Edita ya rubuto. Mai dubawa na biyu ya gamsu, har ya ce zanen rukunonin nan a ƙara mishi girma. Na farkon yana son ƙananan gyare-gyare, kalmomi biyu da ba mu fassara ba da wani littafi da shekararshi ta sha bamban tsakanin cikin rubutu da jerin ƙarshe, laifina ne. Kwana goma sunka ba mu. Ko an karɓa bana dosiyen Malama ya riga ya wuce, sai na baɗi, ta ce ba komi.

Maigida ya aiko a ba shi zanen, wai yana son ya nuna a taron shirya rantire, wato komawa karatu. Na buga mishi mai kala a wurin masu fotokopi na bakin titi don injin biro baƙi da fari ne kawai, rukunonin duk sai su zama toka. Baba kuma zai aje aiki ƙarshen shekara, na roƙi a ba ni yaro ɗaya mai stage mu ɗauki hoton sauran kwalayen kafin ruwan Agusta, wanga karo har gindin shafi. An ce in rubuto takarda.